Darasin Bayokemistiri: Ƙofar da Likitocin Gobe Ke Cijewa a Bakinta

A shekarar 2024 Ministan Lafiya na Tarayya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 55,000 ne suka rage suna aiki a Nijeriya, bayan da wajen 16,000 suka fice zuwa ƙasashen waje cikin 'yan shekarun da suka gabaci jawabin nasa. A wannan shekarar kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa ta ƙara yawan guraben da ake ba makarantun koyon aikin likita da jinya da sauran ayyukan lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a kowace shekara. Wannan labari ya faranta ran iyaye da yawa, musamman a garuruwa irin su Mahuta da ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, inda manomi kan sayar da buhunan masara da waken suya domin ɗansa ko 'yarsa su sami shiga jami'a.

Sai dai fa samun gurbi daban, fitowa da takardar shaidar likita daban. Tsakanin waɗannan biyu akwai wata jarrabawa da ake yi kafin a yarda ɗalibi ya taka ɗakin majiyyata, kuma ɗaya daga cikin darussan da ake jarrabawa a kansu shi ne bayokemistiri. Ɗalibai da dama sun ɗauke shi dodo, wasu likitoci kuma suna ganinsa nauyi ne da aka ɗora musu suka sauke. Tun da yake dubban yara ne za su ƙaru a azuzuwan wannan darasi, ya kamata hukuma da malamai da su kansu ɗaliban su tsaya su duba yadda ake koyar da shi, da abin da talakan karkara zai samu ko ya rasa a sanadiyyarsa.

Mene ne darasin?

Bayokemistiri shi ne ilmin sinadaran da aka gina jikin mai rai da su, da yadda suke sauyawa daga wani zuwa wani. Shi ne ke bayanin abin da ke faruwa da lomar tuwo tun daga baki har ta zama ƙarfin da manomi ke ɗaga garma da shi. A ajin farko akan soma da manyan kayan gini huɗu: dangin sitaci da sukari, dangin mai da kitse, furotin, da kuma sinadaran gado irin su DNA. Furotin kansa sarƙa ce da aka ƙulla da ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, waɗanda 9 daga cikinsu jikin ɗan Adam ba ya iya ƙera su, tilas sai daga abinci.

Daga nan sai a shiga batun enzayim, watau furotin masu hanzarta aiki, waɗanda in babu su abin da jiki ke gamawa cikin ƙiftawar ido sai ya ɗauki shekaru. Sa'an nan a zo kan hanyoyin da jiki ke bi wajen ƙona abinci. Sukarin gulukos yakan bi matakai 10 waɗanda a cikinsu yake rabuwa gida biyu, daga nan ya faɗa cikin wani zagaye mai matakai 8 wanda Hans Krebs ya gano a Jami'ar Sheffield ta Ingila a 1937. Kowane mataki da sunan enzayim ɗinsa, da sunan abin da ya shiga da abin da ya fito. A nan ne yawancin ɗalibai kan soma karaya.

Karatun likita a Nijeriya shekara shida ne. Shekarar farko ta kimiyyar share fage ce. Bayanta ɗalibi zai shafe wajen shekara ɗaya da rabi yana fama da darussa uku: anatomi, watau ilmin ƙirar jiki, fisiyoloji, watau ilmin yadda gaɓoɓi ke aiki, da bayokemistiri. A ƙarshe akwai babbar jarrabawa wadda makin cinta 50 ne cikin 100 a kowane darasi. Bisa ƙa'idar mafi yawan jami'o'i, wanda ya faɗi akan ba shi damar sake zama, in ya sake faɗuwa ya maimaita aji, in abin ya ci tura a sallame shi daga sashen. Masu koyon haɗa magunguna da aikin jinya da gwaje-gwajen asibiti da likitancin dabbobi su ma duk sai sun bi ta wannan darasi, kowa gwargwadon bukatarsa. Saboda haka ƙofa ce guda wadda kusan duk ma'aikatan lafiyar ƙasa ke kutsawa ta cikinta.

Abin da ke littafi, shi ke asibiti

Babban abin mamaki shi ne, darasin da ake ganin ya yi nesa da rayuwa shi ne wanda misalansa suka cika asibitocin Funtuwa da Malumfashi. A ɗauki cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini. Jan sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, watau himogulobin, yana da sarƙoƙi huɗu, biyu daga cikinsu kowace tana da amino asid 146. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa himogulobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane, a 1957 kuma Vernon Ingram a Cambridge ya tabbatar da cewa bambancin amino asid ɗaya ne tak, wanda aka gano shi ne na shida a jerin. Wannan ɗan sauyi shi ke sa sinadarin ya dunƙule in iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da rabin gadon cutar, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cikakkiyar cutar kowace shekara. Tun a binciken da aka yi a Garki ta ƙasar Kano, wadda yanzu take Jihar Jigawa, tsakanin 1969 da 1976, Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokansa sun tarar cewa wajen jarirai 2 cikin 100 ake haifa da cutar, amma da wuya a sami babban mutum mai ita a ƙauyukan, domin kusan duk sun rasu tun suna ƙanana. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure. To, amma doka ba ta iya zama da saurayi da budurwa ta fahimtar da su. Ma'aikacin lafiya ne zai yi musu bayanin cewa in dukansu AS ne, kowane ciki da matar za ta ɗauka yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar, kuma haihuwar mai sikila guda ba ta kare 'ya'ya uku masu biye masa ba. Wanda haddace darasin kawai ya yi ba zai iya wannan bayani ba.

Misali na biyu shi ne shawarar jarirai. Kimanin namiji ɗaya cikin biyar a ƙasar nan an haife shi da ƙarancin wani enzayim da ake kira G6PD, wanda aikinsa shi ne kare jajayen ƙwayoyin jini daga lalacewa. Irin wannan mutum lafiyarsa lau har ranar da ya sha wasu magunguna, irin su firimakwin na zazzaɓi, ko kuma jikinsa ya haɗu da ƙwallon kafur ɗin da mata ke sa wa cikin akwatin tufafi. In jariri ne aka naɗe da zanen da ya daɗe cikin kafur, ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, idanunsa su yi ɗorawa, sinadarin da ya taru ya haura ƙwaƙwalwa ya bar shi kurma ko naƙasasshe. Ɗalibar makarantar ungozoma ta Malumfashi da ta fahimci wannan za ta tambayi mai jego inda ta ajiye kayan jariri tun kafin a kai ga haka.

Daga gona zuwa rumbu

A 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shirin ya yaɗa ingantaccen irin masara da takin zamani, har masara ta ture dawa a gonaki da yawa, ta zama abincin gida kuma hajar kasuwa. Wannan ci gaba ne, amma yana da nasa darasin. Furotin ɗin masara yana da ƙarancin biyu daga cikin amino asid ɗin nan 9 da jiki ba ya ƙerawa, watau laisin da tiriftofan. Yaron da aka yaye a kan kokon masara zalla cikinsa zai cika amma jikinsa ba zai ginu ba. Wake da waken suya kuwa suna da laisin a wadace. Ke nan uwar da ke haɗa wa yaro tuwo da miyar wake, ko ta ba shi awara, tana aiki da wata ƙa'ida ta kimiyya ko da ba ta san sunanta ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ma ta fitar da irin masarar da aka inganta furotin ɗinta. A yankin da ake noma masara da waken suya kafaɗa da kafaɗa, ganin yara masu tamowa alama ce ta cewa sani bai isa madafa ba, ban da talauci da ke taka tasa rawar.

Haka kuma batun fumfuna. A 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da ƙulin gyaɗa daga Brazil. Binciken da ya biyo baya ne ya tono gubar afalatokzin, wadda wata irin fumfuna ke zubarwa a gyaɗa da masarar da aka adana ba su bushe sosai ba. Dafuwa ba ta kashe wannan guba. In ta isa hanta, enzayim ɗin hantar da kansu ne ke mai da ita wani abu mai manne wa DNA, wanda a kwana a tashi kan haifar da dajin hanta, kuma haɗarin yakan ninka ƙwarai ga mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ta yi yawa a Arewa. Cibiyar IITA ta Badun ta ƙera wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don rage fumfunar. Amma matakin farko, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne a busar da hatsi sarai kuma a tsince ruɓaɓɓu.

Sai kuma fiya-fiya da danginta na feshin auduga da na adana wake. Waɗannan magunguna suna kashe ƙwaro ne ta hanyar ɗaure wani enzayim da ke kashe saƙon jijiya bayan ya gama aikinsa, kuma ɗan Adam yana da irin wannan enzayim. Shi ya sa mai feshin da ya shaƙa da yawa kan zo asibiti yana dalalar da yawu, gumi na karyo masa, baƙin idonsa ya tsuke, numfashi na gagararsa. Likitan da ya san tushen abin zai gane shi nan take ya nemi allurar atirofin. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan wannan sinadari a jikinsa. Waken da Turai ta ƙi kuwa, irinsa ne ake ci a gida. Maƙwabciyar jiha, Zamfara, ita ma ta ga irin wannan masifa a 2010, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara aƙalla 400.

Malumfashi ta taɓa zama makaranta

Masu ganin cewa irin wannan ilmi sai Turai za su amfana da tuna tarihin yankin. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta buɗe sashen koyar da likitanci a 1967, kuma asibitocin koyarwarta na farko suna Zariya da Kaduna da Malumfashi. A shekarun 1970 jami'ar ta haɗa kai da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool, aka kafa shirin binciken cututtukan da suka zaunu a ƙasar Malumfashi. Farfesa Umaru Shehu da Farfesa Herbert Gilles suna cikin waɗanda suka jagorance shi, kuma daga 1977 aka dinga buga sakamakonsa a mujallun likitanci na duniya. An ƙidaya mutanen ƙauyuka, an bi diddigin tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, har an auna jinin manoma don gano yawan waɗanda maciji ya taɓa sara, aka kuma yi nazarin ɓarnar kumurci mai tofi a ido.

A wannan zamanin ne David Warrell, yana aiki a Zariya, ya yi nazarin saran kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa. Dafin wannan maciji yana ɗauke da enzayim da ke tayar da aikin daskarar jini ba bisa ƙa'ida ba, har kayan daskarewar su ƙare kaf, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da tsofaffin miyaku. Daga wannan nazari aka fito da gwajin minti 20: a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye ba a taɓa ba, in bayan minti 20 bai daskare ba, dafi ya shiga, sai a ba da maganin dafi. Har yau da wannan gwaji ake aiki a Afirka da Asiya. Sharaɗinsa shi ne mazubin ya zama na gilashi, domin gilashi ne ke tayar da matakin farko na daskarewar jini. In aka zuba a roba, jinin mai lafiya ma na iya ƙin daskarewa a kan lokaci, a ɓarnatar da magani mai tsada a kan wanda ba ya bukata. Ma'aikacin da ya san dalili ba zai yi wannan kuskure ba ko da kwalabe sun ƙare an miƙo masa sirinji.

Daga baya kuma Zariya ta fitar da Farfesa Andrew Jonathan Nok, malamin bayokemistiri wanda ya ci Kyautar Kimiyya ta Nijeriya a 2009 saboda bincikensa kan enzayim ɗin da ƙwayar cutar sammore ke amfani da shi wajen lalata jajayen ƙwayoyin jini. Ya rasu a 2017 yana Kwamishinan Ilmi na Jihar Kaduna. Aikinsa shaida ne cewa ana iya yin binciken da duniya za ta saurara a kan cutar da ke kashe shanun Fulani, daga ɗakin gwajin da ke Samaru.

Inda gizo ke saƙa

In haka darasin yake da kusanci da rayuwa, me ya sa ɗalibai ke gudunsa? Matsala ta farko tana sakandare. Bayokemistiri gini ne a kan kemistiri, kuma yaro da yawa daga makarantun karkara yakan gama aji shida bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ana gab da jarrabawar ƙarshe. Ya ci jarrabawa da hadda, ya shiga jami'a, sai ya tarar ana magana kan siffar sinadarai da ƙarfin asid kamar kowa ya sani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jihar Kano ta gane haka tun 1977, lokacin da ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu sun isa hujja. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, tana da nata makarantun kimiyya, amma rashin tsaro ya yi musu illa. Sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ya sa aka rufe makarantun kwana na wani lokaci, kuma ya sanya tsoro a zukatan iyayen kudancin jihar. Makarantar share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa a Funtuwa tana toshe wani ɓangare na wannan giɓi, amma shekara guda ba ta biyan bashin shekara shida.

Ta biyu ita ce harshe. Ɗalibin da ke tunani da Hausa yana karatu da Ingilishi, sai ga shi kalmomin darasin kansu daga Girkanci da Latin aka samo su. Watau fassara biyu yake yi kafin ya kai ga ma'ana. Littattafan da ake dogara da su, irin su na Harper da na Lehninger da waɗanda ake shigowa da su daga Indiya, nagartattu ne, sai dai an rubuta su ne domin wasu ɗalibai masu wasu cututtuka da wani abinci. Ba laifinsu ba ne in ba su ambaci fiya-fiya ko kububuwa ba. Aikin malamin gida ne ya kawo waɗannan.

Ta uku ita ce ɗakin gwaji. Yawancin sinadaran aikin daga waje ake sayo su da kuɗin ƙasashen waje, wasunsu kuma sai a firiji, ga wutar lantarki ba tabbas. Inda ɗalibai suka yi yawa, mutum ɗaya ne ke gwajin, sauran na leƙe ta bayan kafaɗarsa suna kwafar sakamako. Ƙarin gurabe ba tare da ƙarin ɗakuna da kayan aiki ba zai ƙara tsawon layin masu leƙe ne kawai. Ga kuma ƙarancin malamai, domin guguwar da ta kwashi likitoci zuwa waje ba ta bar malaman jami'a ba, sa'an nan ga yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'in Tarayya wata takwas. Darasin da kowane babi ke hawa kan na bayansa ba ya jure irin wannan yankewa.

Akwai kuma wani rukuni da ba a cika maganarsa ba, watau masu digirin bayokemistiri zalla na shekara huɗu. Da yawansu likitanci suka nema ba su samu ba, aka tura su nan. Suna shiga da ɓacin rai, suna fita su tarar dokar 2003 da ta kafa majalisar kula da aikin gwaje-gwajen asibiti ta keɓe wannan aiki ga masu takardar wannan fanni. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da sauran jami'o'in Arewa suna yaye irin waɗannan matasa kowace shekara. Alhali kuwa su ne suka dace da auna guba a hatsi, da duba ingancin ruwa da magunguna, da koyar da kemistiri a makarantun da ba su da malami.

Masu cewa a rage

Akwai likitoci, a nan gida da waje, masu ra'ayin cewa an cika wa ɗalibi kaya. Hujjarsu ita ce, babu likitan da ke zana zagayen Krebs a gefen gadon majiyyaci, kuma abin da aka haddace don jarrabawa yakan zube cikin 'yan watanni. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma jami'o'i da yawa a duniya sun sake tsari, suna koyar da kowane babi tare da cutar da ta shafe shi. Lalle akwai sunaye da siffofin da za a iya barin su a littafi, a duba in bukata ta taso.

Amma rage hadda daban, rage fahimta daban, kuma likitan karkara ya fi na birni bukatar fahimtar. Wanda ke babban asibiti yana da na'urori da ƙwararru a kusa. Wanda ke asibitin ƙaramar hukuma sau da yawa ba shi da kowa sai kansa. Shi ne zai yanke shawara ko mai ciwon sukari zai iya azumi, kuma ba zai iya ba sai ya san cewa ajiyar sukarin da ke hanta ba ta wuce ta yini guda, da yadda allurar insulin ke hana hanta sakin ta. Shi ne zai gaya wa uwa dalilin da ya sa ruwan gishiri da sukari ke ceton mai gudawa: hanji yana da wata ƙofa da ba ta shigar da gishiri sai tare da sukari, ruwa kuma ya bi bayansu, kamar yadda Robert Crane ya bayyana a 1960. Wanda ya san haka ya san abin da ya sa awon yake cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda, kuma ya san cewa in sukarin ya zarce, gudawar ƙaruwa za ta yi.

Abin da ya kamata a yi

Dama ta riga ta samu. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Ya kamata jami'o'in Katsina da Zariya da Kano da Sakkwato su yi amfani da wannan kaso wajen gina darasin bayokemistiri a kan sikila da tamowa da gubar hatsi da maganin feshi da dafin maciji, a soma kowane babi da majiyyaci kafin a kai ga zane a allo. Rahotannin binciken Malumfashi da na Garki suna nan a ɗakunan karatu, kuma ɗalibin da ya ga sunan ƙasarsu a mujallar duniya ba zai sake ɗaukar kimiyya kayan aro ba.

Ita kuma Gwamnatin Jiha, abin da ya fi gaggawa a wuyanta shi ne ɗakunan gwaji da malaman kemistiri a makarantun sakandare na kudancin jihar, da tsaron da zai sa iyaye su saki jiki. Ɗaukar masu digirin bayokemistiri aikin koyarwa, bayan an ba su horon malanta, zai magance matsala biyu a lokaci guda. Asusun TETFund, wanda ya yi suna wajen gine-gine, ya kamata ya dubi kayan cikin ɗaki da kuɗin sayen sinadarai da wutar hasken rana, tun da gini ba ya gwaji. Sassan Hausa na jami'o'i kuwa za su yi babban aiki in suka zauna da malaman kimiyya suka fitar da ɗan littafin da ke bayanin kalmomin darasin da Hausa, domin ɗalibi ya fahimta, domin kuma in ya zama likita ya iya yi wa majiyyaci bayani da harshen da yake ji.

Ga ɗalibin da ke shirin shiga wannan aji, shawarar masana ba ta da yawa. Ya koma ya gyara kemistirinsa na sakandare tun kafin a buɗe makaranta. Ya riƙa karatu kullum kaɗan-kaɗan, gama darasin ba ya haddatuwa a daren jarrabawa. A kowace hanya da aka koya masa ya tambayi kansa abu huɗu: me ya shiga, me ya fito, a wace gaɓa ake yi, kuma wace cuta ce za ta bayyana in hanyar ta toshe. In ya iya amsa ta huɗun da misali daga garinsu, to ya kama darasin.

Gwamnati ta cika alƙawarin ƙara gurabe, kuma sai bayan shekara shida ko bakwai za a ga amfanin wannan shuka. Abin da za a auna a lokacin shi ne ko jami'in da ke asibitin da mutumin Mahuta zai kai ɗansa da tsakar dare ya san abin da ya sa ake neman kwalbar gilashi, da abin da ya sa ake tambayar mai jego batun kafur. Wannan sani a ajin shekara ta biyu ake samunsa ko a rasa shi, saboda haka can ya kamata kuɗi da hankalin hukuma su fara sauka.